Yadda za ka ɗaure ƙugunka daga ciki: atisayen ciwon baya da za ka iya yi a ɗakinka

Wanda bai taɓa sunkuyawa zai ɗau abu a ƙasa ya ji ƙugunsa ya riƙe gam ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Ni kam na yi kusan shekara biyu ina fama, ya lafa ya dawo ya lafa ya dawo, kuma abin da ya fi ja min baya shi ne kwanciya, don a tunanina hutu ne maganinsa, sai in kwanta kwana uku ko huɗu in tashi in ji bayan ya ƙara sandarewa, ga tsoro ya shiga raina har atishawa nake shakkar yi. Sai da wata likitar fisiyo, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, ta zaunar da ni ta ce min bayanka bai lalace ba, tsokokin da ke riƙe da shi ne suka daina aikinsu a kan lokaci, sannan ta koya min abubuwan da zan faɗa maka yanzu. Kuma ba mu kaɗai ba ne ɗan uwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya, kuma kusan kashi 90 cikin 100 in an bincika ba a samun wata takamaimiyar cuta da za a ce ga ta nan. Toh irin wannan ciwon ne atisayen nan ya fi yi wa amfani.

Amma tsaya tukunna, kafin ka shimfiɗa komai a ƙasa. Akwai ciwon bayan da asibiti yake buƙata yau ɗin nan, kar a tsaya atisaye. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko bahaya ya kufce maka, ko ka ji tsakanin cinyoyinka da wajen al'aura da dubura ya sage kamar ba jikinka ba, wannan na gaggawa ne, alama ce ta an danne jijiyoyin da ke can ƙarshen laka, kuma jinkiri na iya barin mutum da nakasa. Haka in ƙafa tana ƙara rauni kullum har ka fara jan ta, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari, ko yana tare da zazzaɓi, ko kana ramewa ba dalili, ko ka taɓa yin ciwon daji ko tarin fuka, ko ciwon yana tada kai cikin dare kuma duk yadda ka juya ba ya sauƙi. Ciwon kwiɓi da zafin fitsari kuma ƙoda ake fara dubawa. Don Allah kar ka tsallake wannan sakin layin.

In babu ko ɗaya a ciki, bismillah.

Bari in ɗan yi maka bayanin abin da ake ƙoƙarin gyarawa, don in ka gane shi ba za ka riƙa yi da ka ba. Ƙasan bayanka ƙasusuwa 5 ne a jere ɗaya kan ɗaya, tsakaninsu akwai faifai mai taushi da ke shanye nauyi. Su kaɗai ba za su iya tsayawa da nauyinka ba, tsoka ce ke riƙe da su ta kowane ɓangare. Akwai wadda ta zagaye cikinka daga can ciki kamar ɗamara, sunanta tiransibasas abdominis, akwai ƙananan da suke manne da ƙashin bayan gaɓa bayan gaɓa, maltifidas, daga sama ga tsokar numfashi a ƙarƙashin huhu, daga ƙasa ga tsokokin ƙasan mara masu riƙe fitsari, sai na gefe da na mazaunai. A 1996 wasu masu bincike a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, Paul Hodges da Carolyn Richardson, suka gano cewa mai lafiyayyen baya in zai ɗaga hannu da sauri wannan ɗamarar ta ciki tana rigan hannun ɗaurewa, amma a masu ciwon baya tana makara. Abokan aikinsu kuma suka nuna cewa maltifidas ɗin tana ƙanƙancewa a gefen da ke ciwo, kuma ko ciwon ya tafi ba lallai ta dawo da kanta ba. Kaga ke nan abin da muke nema shi ne tsokar ta koyi farkawa da wuri kuma ta jure aiki na tsawon yini, maganar fito da layi shida a ciki wata harka ce daban.

Abin da kake buƙata ƙasa ce mai tauri da shimfiɗa ko babban tawul. Katifa mai laushi ba ta yi, nutsewa za ka yi ba za ka san inda bayanka yake ba.

Darasin farko shi ne wanda kowa ke rainawa, kuma wallahi shi ne tushen duka. Kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwoyi tafin ƙafa a ƙasa. Ka ɗan danna ƙasan bayanka ya taɓa ƙasa, sannan ka ɗan bankare shi ya tashi, ka yi ta yi a hankali kamar sau 8, za ka ji akwai wani waje a tsakiya inda bayan ya fi samun sauƙi, yawanci da ɗan rami kaɗan wanda tafin hannu zai iya shiga. Nan ne mazaunin bayanka, ka haddace shi, don duk sauran atisayen riƙe wannan wajen ne yayin da hannu da ƙafa ke motsi. Yanzu ka sa yatsunka a gefen cikinka, ɗan sama da ƙashin ƙugu, ka yi ɗan tari. Ka ji yadda wajen ya yi tauri ya turo yatsun? Toh wannan taurin ake so, amma kaɗan, kamar rubu'in ƙarfinka, kamar ƙaramin yaro zai kai maka duka a ciki ka shirya masa. Ka riƙe sakan 10 kana numfashi. Nan ne mutane ke faɗuwa, da sun ɗaure ciki sai su ɗauke numfashi fuska ta yi jawur. In ba za ka iya ƙirga ɗaya zuwa goma a fili ba yayin da kake riƙe, ka matse da yawa, sassauta. Mai hawan jini musamman, kar ka kuskura ka riƙa riƙe numfashi kana yunƙuri, jinin hawa yake. Ni sati guda cur na yi a kan wannan kaɗai kafin ya zauna min, kuma ban yi nadama ba.

Da ya zauna, sai ka ƙara masa motsi. A wannan kwanciyar dai, ciki a ɗaure, ka zame diddigen ƙafa ɗaya a ƙasa har ƙafar ta miƙe, ka jawo ta, ka canza. Sau 8 zuwa 10 kowace ƙafa. Ka sa hannu ɗaya ƙarƙashin bayanka ya zama ɗan rahoto, in ka ji bayan ya tashi daga kan hannun ko ƙugun ya karkata gefe, ka yi nisa, rage. Bayan kwanaki in ya zama wasa sai ka ɗaga ƙafafun biyu sama gwiwa a lanƙwashe, hannaye suna kallon rufi, ka sauke hannun dama ta saman kai da ƙafar hagu a tare, a hankali, ka dawo. Wannan shi ake wa laƙabi da mataccen ƙwaro saboda kamannin kwanciyar.

Sai manyan guda uku. Wani farfesa ne ɗan Kanada, Stuart McGill na Jami'ar Waterloo, wanda ya shafe shekaru kusan 30 yana auna nauyin da kowane motsi ke ɗora wa ƙashin baya, ya ware su saboda suna sa tsoka aiki sosai ba tare da sun matse faifan da yawa ba. Kafin ka fara su ka ɗan ɗumama bayan: ka durƙusa hannu da gwiwa a ƙasa, ka gantsare bayan sama kamar kyanwa ta fusata, ka sake shi ƙasa, sau 6 ko 8 a hankali ba tare da ka kai maƙura ba. Manufar kawai gaɓoɓin su saki.

Na ɗaya ɗaga kai ne. Rigingine, ƙafa ɗaya a miƙe ɗaya a lanƙwashe, tafukan hannu a ƙarƙashin ramin bayanka suna kallon ƙasa. Ɗaure ciki, sai ka ɗaga kai da kafaɗu tare kamar katako ɗaya, kaɗan fa, kamar dai kanka na kan sikeli kana so ya nuna sifili. Kar ka manna haɓa a ƙirji, kar bayan ya danne hannuwanka. Sakan 10 ka sauke. In an yi rabi sai ka canza ƙafa. In wuyanka ke gajiya kafin cikin, ka manna harshe a ganɗa bayan haƙoran sama, yana taimakawa, kuma ka rage tsayin da kake ɗagawa. Za ka ga bai yi kama da wancan sit-of ɗin da ake tashi zaune gaba ɗaya ba, kuma da gangan ne, wancan yana ninke ƙasan baya sau da yawa ƙarƙashin nauyi, mai ciwon baya ya ajiye shi gefe tukunna.

Na biyu gadar gefe. Ka kwanta a gefe ɗaya, ka dogara da gwiwar hannu, ta zama daidai ƙarƙashin kafaɗa, gwiwoyin ƙafa a lanƙwashe ƙafafun suna baya. Ka ɗaga ƙugu sama da ɗan gaba har daga kafaɗa zuwa gwiwa ya zama layi ɗaya. Sakan 10, sauka, ka gama gefe ɗaya ka juya. Kusan kowa zai ga gefe ɗaya ya fi ɗaya rauni, kar ka damu, kuma kar ka gudu daga mai raunin don shi ya fi buƙata. In ka ƙware sai ka miƙe ƙafafun, ta sama a gaban ta ƙasa. Mai ciwon kafaɗa ya yi a tsaye yana jingina da bango da damtsen hannu, ya fi masa ya yi ta lanƙwashewa a ƙasa ƙugu na zubewa, da muguwar rawa ai gara ƙin tashi.

Na uku shi na fi so, kuma shi ne ya fi yi min aiki, don haka bari in ɗan daɗe a kansa. Ka yi kamar za ka yi rarrafe, hannaye daidai ƙarƙashin kafaɗu, gwiwoyi daidai ƙarƙashin ƙugu, ido na kallon ƙasa tsakanin hannuwan. Nemo mazaunin nan na bayanka, ɗaure ciki. Sai ka miƙa ƙafa ɗaya baya kamar kana tura bango da diddige, ka miƙa hannun ɗaya gefen gaba ka dunƙule shi. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ɗaga ƙafar sama da yawa, mutum ya ɗauka in ta yi sama ya fi ƙoƙari, nan kuwa da ta wuce tsayin ƙugu sai bayan ya bankare ƙugun ya juya gefe, aikin ya tashi daga tsoka ya koma kan gaɓoɓin da muke ƙoƙarin hutar da su. Baya za ka tura ta, ko da yatsun ƙafar sun kusa taɓa ƙasa babu laifi. Dabarar da ta gyara min nawa ita ce ɗora littafi ko sanda a kan ƙasan bayan, in ya zame to ka karkata. Ko ka jingina wayarka ka ɗauki kanka bidiyo, za ka sha mamaki yadda abin da kake ji ya bambanta da abin da kake yi. Riƙe sakan 10, ka dawo da hannun da gwiwar ka ɗan shafi ƙasa da su, ka sake miƙawa. In haɗa biyun ya yi maka yawa, ƙafa kaɗai ta isa na sati ɗaya ko biyu. Mai ciwon gwiwa ya ninke tawul ya sa a ƙarƙashi.

Zan ƙara maka ɗaya, gada ta rigingine, saboda yawan zama yana kashe tsokar mazaunai, in kuwa ta yi sanyi ƙasan baya ne ke ɗaukar aikinta. Gwiwa a lanƙwashe, ka fara matse mazaunai tukunna sannan ka tura da diddige ka ɗaga ƙugu, ka tsaya inda kafaɗa da ƙugu da gwiwa suka daidaita. In bayan cinyarka ke ɗaurewa, jawo ƙafafun kusa da jiki.

Toh sau nawa? Tsarin da McGill ke koyarwa na saukowa ne, misali ka yi 5, ka huta kamar sakan 20 zuwa 30, ka yi 3, ka huta, ka yi 1, kowanne riƙon sakan 10. Sabon shiga ya fara da 3, 2, 1 ma ya isa. In ka ƙara ƙarfi yawan zagayen za ka ƙara, riƙon ya tsaya a sakan 10 ɗinsa, saboda in tsoka ta daɗe a ɗaure iskar da ke isa gare ta raguwa take, ta gaji, tsayuwarka ta lalace. Don haka ƙyale masu gasar filank (wato dogara da damtsen hannu da yatsun ƙafa jiki a miƙe) na minti uku, ba da kai suke ba. Duka abin minti 12 zuwa 15 ne, kullum ko aƙalla kwana 5 a sati.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Cikin dare faifan bayan nan yana shan ruwa ya cika, shi ya sa da safe mutum ya fi tsayi da kusan santimita ɗaya zuwa biyu, kuma shi ya sa sunkuyawa daga tashi barci ta fi zafi. Ka ba shi kamar awa ɗaya ka ɗan yi zirga-zirga kafin ka fara, hantsi ko yamma ya fi.

Maganar zafi kuma, ga yadda za ka riƙa auna shi. Gajiyar tsoka, ɗan rawar jiki, ɗan tsami washegari, duk ba komai. Ko ciwon da ka saba ji in ya ɗan motsa kaɗan ya lafa cikin awoyi, ci gaba. Amma in ka ji suka mai kaifi, ko zafi yana gangarowa ta mazaunai zuwa cinya da ƙwauri fiye da da, ko ƙafa ta fara sagewa, ko washegari ka tashi ya fi jiya muni sosai, ka dakata da wannan atisayen ka koma matakin baya, in ya ci gaba ka ga likita. Zafin da ke janyewa daga ƙafa yana komawa tsakiyar baya kuwa yawanci alama ce mai kyau. 'Yar uwa mai ciki ko wadda ba ta daɗe da haihuwa ba, balle in tiyata aka yi, ki fara jin ta bakin likitarki, akwai waɗanda za a canza miki, musamman na kwanciya rigingine in cikin ya girma. Dattawa masu raunin ƙashi su ma su bar na ɗaga kan sai an duba su.

Akwai gaskiyar da ya kamata in faɗa maka don kar wani ya sayar maka da abin a matsayin sihiri. Da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, ta tattara binciken da aka yi a kan irin wannan atisayen a 2016, abin da ya fito shi ne ya fi zama ba a yin komai wajen rage zafi da dawo da mutum aikinsa, amma bai fi sauran nau'ukan motsa jiki da wani abin a zo a gani ba. Ni wannan bai sanyaya min gwiwa ba ko kaɗan, ƙarfafa ni ma ya yi, don yana nufin ƙofar a buɗe take, in ninƙaya kake so ko keke ko tafiya duk hanya ce. Abin da ya sa nake ba mai tsoron motsi shawarar farawa da wannan shi ne yana da sauƙi, ba ya buƙatar na'ura, kuma yana dawo maka da yarda da bayanka, wanda a ganina rabin jinyar ke nan. Mutane da yawa hoton cikin jiki na MRI da ake ɗauka a asibiti ne ya karya musu zuciya, an ce faifai ya turo, alhali wani babban nazari na 2015 ya nuna kusan kashi 30 cikin 100 na 'yan shekara 20 da ba su da ciwon komai suna da wannan turowar a hoto, kuma adadin ƙaruwa yake da shekaru.

Kar ka bar tafiya a baya. A 2024 mujallar likitanci ta Lancet ta buga wani gwaji daga Ostareliya da aka yi da mutum 701 da suka warke daga ciwon baya, waɗanda aka ɗora a kan tsarin tafiya da ɗan wayar da kai sun kai wajen kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su harka, sauran kuwa kwana 112. Fara da minti 10 da ɗan sauri kana kaɗa hannu, ka riƙa ƙarawa har ka kai rabin awa. In aikinka na zama ne, duk rabin awa ka miƙe ko na minti ɗaya ne.

Ka ba abin sati 6 zuwa 8 kafin ka yanke masa hukunci. Ni sai a sati na huɗu na lura ina sa takalmi ban dafa komai ba. Kuma ranar da ciwon ya ɗan taso, don zai iya tasowa, kar ka watsar da komai ka koma gado, ka rage zuwa ɗaure ciki da zamen diddige da 'yar tafiya, kwana biyu uku ka koma inda ka tsaya.

Abu na ƙarshe da za ka koya shi ne fito da ɗaurin nan daga kan shimfiɗa zuwa aikinka na yini. Ka tsaya ka juya wa bango baya, tazarar taki ɗaya ƙarami, ka tura mazaunai baya har su taɓa bangon, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, bayan a miƙe, hannaye suna zamewa kan cinya zuwa gwiwa, sannan ka matse mazaunai ka miƙe. Sau 10 kullum. Da wannan motsin za ka riƙa ɗaukar kaya daga ƙasa, ka matso kusa da kayan, ka ɗaure ciki kafin ka ɗaga, ka rungumo shi jikinka, in za ka juya ƙafafu za ka juya gaba ɗaya kar ka murɗa ƙugu da nauyi a hannu. Tashi daga gado ma ka fara mirginawa gefe, ka zuro ƙafafu ƙasa, ka tura da hannu ka zauna.